Sak, Cancanta ko Wake da Shinkafa: Yadda Mai Zaɓe a Zariya Yake Yanke Shawara

Tun da tsohon gwamnan Kaduna Malam Nasiru El-Rufai ya bar APC a watan Maris na 2025 ya koma SDP, daga baya kuma aka gan shi cikin haɗakar 'yan adawa da ta rungumi ADC a watan Yuli na shekarar, lissafin siyasa ya rikice wa mutane da yawa a Zariya. Waɗanda suka yi shekara takwas suna ɗaga tsintsiya tare sun koma jifan juna a gidajen rediyo. Wasu da aka zaɓa a ƙarƙashin lema kuma sun tattara nasu ya nasu sun koma jam'iyya mai mulki. A majalisun ƙofar gida, daga Tudun Wada har Samaru, tambayar da ake ta juyawa ita ce: idan ɗan siyasa ya sauya sheƙa, ƙuri'un binsa suke yi, ko a tsohon gidansa yake baro su?

Ba za a iya amsa wannan ba sai an duba yadda mai zaɓen kansa yake auna abu kafin ya dangwala. Sakamakon zaɓukan baya ya nuna cewa ba da ma'auni ɗaya yake auna kowace kujera ba.

Abin da ke kan takardar ƙuri'a

Takardar da jami'in INEC yake miƙa wa mutum a rumfar zaɓe ba ta ɗauke da sunan ɗan takara ko hotonsa. Tambarin jam'iyyu ne a jere da gajerun sunayensu. A 2023 jam'iyyu 18 ne. Tsarin mulkin 1999 bai ba da damar takarar ƙashin kai ba, dole jam'iyya ce za ta tsayar da mutum. Don haka ko da dattijuwa ta fito daga Limancin Kona domin wani mutum takamaimai da ta yarda da shi, sai ta nemi tsintsiya ko lema ko mabuɗi ko kwandon kayan marmari ta sa yatsanta. Aikin 'yan kamfe na makon ƙarshe ke nan: bi gida-gida da samfurin takarda, ana nuna wa mutane layin da za su dangwala.

Daga nan kalmomin da ake yawan ji suka samo asali. Sak shi ne mutum ya zaɓi jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa, daga shugaban ƙasa zuwa ɗan majalisar jiha, ba tare da tantance kowane ɗan takara ba. Kalmar ta yi ƙarfi a shekarun da Muhammadu Buhari yake takara, ta kai ƙololuwa a 2015. Cancanta kishiyarta ce: a dubi mutumin, a bar batun jam'iyyarsa. Sakamakon da cancanta take haifarwa shi ake kira wake da shinkafa, wato kujera ɗaya ta tafi wannan jam'iyya, ɗaya ta tafi waccan. Guguwa ita ce farin jinin mutum ɗaya da yake kwashe 'yan takarar jam'iyyarsa gaba ɗaya ya kai su gaci, har waɗanda ba a san su ba. Zagon ƙasa kuma shi ne ɗan jam'iyya ya yi wa ɗan takararsu aiki a baki, da dare ya tura mutanensa wani wajen.

Garin da ya daɗe yana raba ƙuri'a

Siyasar aƙida ba baƙuwa ba ce a Zazzau. Bayan kafa NEPU a Kano a 1950, Zariya ta zama ɗaya daga cikin wuraren da aka fi gwabzawa tsakaninta da NPC, mai samun goyon bayan sarakuna da hukumar En'e. Hajiya Gambo Sawaba, wadda babban asibitin Ƙofar Gayan yake ɗauke da sunanta a yau, ta sha ɗauri da duka a kan ra'ayin NEPU da neman 'yancin zaɓe ga matan Arewa, waɗanda sai a 1979 suka jefa ƙuri'a a babban zaɓen ƙasa karon farko. A wancan zamani jam'iyya kamar gado take. Ana sanin gidan 'yan NEPU da gidan 'yan NPC, har aure da ciniki abin yakan shafa.

Duk da haka, tsohuwar jihar Kaduna, wadda ta haɗa da Katsina kafin 1987, ita ce ta ba da fitaccen misalin raba ƙuri'a a 1979. Alhaji Balarabe Musa na PRP ya ci kujerar gwamna, amma NPN ce ta kwashe rinjaye a majalisar dokoki. Majalisar ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, sannan ta tsige shi a watan Yuni na 1981, ya zama gwamna na farko da aka tsige a Najeriya. Masu goyon bayan sak har gobe da wannan labari suke kafa hujja.

A 2011 ma an ga irin haka: Buhari na CPC ya fi kowa ƙuri'a a jihar a zaɓen shugaban ƙasa, amma Patrick Yakowa na PDP ne ya ci gwamna, a tsakiyar mummunan rikicin bayan zaɓe da Zariya ba ta tsira daga gare shi ba. Sai 2015 ta zo da guguwa. Mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Namadi Sambo, ɗan Zariya ne. Gwamna mai ci, Mukhtar Ramalan Yero, shi ma ɗan Zariya ne. Duk da haka Buhari da El-Rufai kowannensu ya haura ƙuri'a miliyan ɗaya a jihar, PDP ba ta kai rabin miliyan ba a kowane ɗaya daga cikin zaɓukan biyu. Wannan ya isa ya nuna cewa "namu ne" yana da iyaka. Idan jama'a suka ƙudurta canji, zama ɗan gari ba ya ceton kowa.

Abin da 2023 ta nuna

Ranar 25 ga Fabrairu, 2023, an miƙa wa kowane mai zaɓe takardu uku. A zaɓen shugaban ƙasa Atiku Abubakar na PDP ya zo na ɗaya a jihar Kaduna da ƙuri'a 554,360, Bola Tinubu na APC ya samu 399,293, Peter Obi na LP 294,494, Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP 92,969. PDP ta kwashe kujerun sanata uku na jihar, har da ta Kaduna ta Arewa da Zariya take ciki, wadda Khalid Mustapha ya ci. Amma a rana guda, a rumfuna guda, Abbas Tajuddeen na APC ya riƙe kujerarsa ta majalisar wakilai mai wakiltar Zariya, wadda yake kai tun 2011, kuma a watan Yuni ya zama kakakin majalisar. A Sabon Gari kuwa Sadiq Ango Abdullahi na PDP ne ya kayar da ɗan majalisa mai ci na APC. Shi Sadiq yana hannun waɗanda suka kai hari kan jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022 lokacin da ya ci zaɓen fidda gwani. Tausayi da sunan gida da fushin da ake yi da gwamnati duk sun haɗu a akwatinsa.

Mako uku bayan haka, ranar 18 ga Maris, Uba Sani na APC ya ci gwamna da ƙuri'a 730,002, Isa Ashiru na PDP yana biye da 719,196. Tazarar ba ta kai dubu goma sha ɗaya ba.

Mutanen da suka yi wannan ba ruɗewa suka yi ba. Tambayoyi daban-daban suke amsawa. A kujerar shugaban ƙasa, a lokacin da ake kwana a layin banki saboda canjin kuɗi, ga layin mai, ga tsoron masu garkuwa da mutane da suka taɓa shiga har kwalejin Nuhu Bamalli a watan Yuni na 2021, mutane da yawa hukunci suka yanke wa shekara takwas da suka gabata, wasu kuma batun yanki suka duba. A kujerar gwamna, wace ƙungiyar mutane ce za ta riƙe jihar shi ne ya fi nauyi, kuma batun addini da na shiyya sun fito fili. A kujerar ɗan majalisa kuwa tambayar ta sauko ƙasa sosai.

Kujerar kusa

Duk wanda yake son ganin ma'aunin kujerar kusa, ya je ƙofar gidan kansila ko ɗan majalisar jiha bayan sallar asuba. Zai tarar da mutane a kan benci da dakali: wani riƙe da takardar magani da likita ya rubuta, wata da takardar shaidar samun gurbin karatu na ɗanta a ABU ko kwalejin ilimi ba kuɗin rajista, matasa biyu da kwafin takardunsu a ambulan suna neman a sa musu hannu, ga wakilan wata unguwa da taransifomarsu ta ƙone wata uku. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da tsarin mulki ya ɗora wa ɗan majalisa. Aikinsa yin doka ne da sa ido kan kasafi. Amma da su ake auna shi. Yana ɗaga waya? Ya zo ta'aziyya? Yara nawa ya sama wa aiki? Idan aka ce wane "yana da alheri" ko "ba a cin nasa", to an gama yi masa kamfe ko an gama binne shi.

Masu nazarin siyasa sukan kira wannan siyasar ubangida da yaransa, suna ganin tana hana mutane tambayar manufa. Akwai gaskiya a ciki, domin ɗan majalisar da ya san da kuɗin asibiti za a auna shi ba zai ɓata lokacinsa kan gyaran dokar lafiya ba. Sai dai shi ma mai zaɓen lissafinsa ba na wauta ba ne. Ya ga aikin ruwan Zariya, wanda aka faro tun zamanin gwamnatin Namadi Sambo, ya ratsa gwamnatoci ana alkawari ana ƙaddamarwa, alhali unguwanni da dama suna sayen ruwa a wajen 'yan garuwa. Wanda ya ga haka, idan ya fifita alherin da zai iya riƙewa a hannu a kan alkawarin takarda, yana da dalilinsa.

Jiki magayi ma yana aiki a nan. Iyalan malaman firamare sama da 21,000 da gwamnatin jihar ta sallama bayan jarrabawar 2017, da 'yan kasuwar da aka rushe wa rumfuna, da hakimai da dagatan da aka sauke a shekarar lokacin da aka rage gundumomi daga 390 zuwa 77, ba sa bukatar mai wa'azin siyasa. Haka nan wanda aka shimfiɗa wa kwalta a ƙofar gida ko aka ɗauki ɗansa aikin koyarwa a madadin waɗanda aka sallama, shi ma da nasa ma'aunin. Manufa ɗaya takan haifar da masoyi da maƙiyi a layi guda.

Malamai, sarauta da masu faɗa a ji

Babu mai musun cewa maganar malami tana da nauyi a garin ilimi irin Zariya. Tun da El-Rufai ya ɗauki Dakta Hadiza Balarabe, Musulma kamarsa, mataimakiya a zaɓen 2019, aka kuma maimaita tikitin Musulmi biyu a matakin ƙasa a 2023, batun ya shiga mumbari da coci. Masu kare shigar malamai suna cewa shugabanci amana ne, kuma wanda yake shiryar da mutane a kan aure da gado da ciniki ba zai yi shiru a kan wanda zai riƙe dukiyarsu ba. Masu suka suna cewa idan malami ya ambaci suna, to ya jingina mutuncinsa da aikin ɗan siyasar, kuma idan abu ya ɓaci har addinin ake taɓawa. Bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023 da tsadar da ta biyo baya, an ji wannan ƙorafi da ƙarfi a kafafen sada zumunta. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta haramta yin kamfe da addini ko ƙabila a sashe na 97, sai dai tsakanin nasiha da kamfe layin siriri ne.

Alƙaluman da ke sama sun nuna iyakar wannan tasiri. Tikitin Musulmi biyu bai hana Tinubu zuwa na biyu a jihar ba. Kuma Zariya ba murya ɗaya ba ce: akwai Izala da ɗariƙu da sauran ɓangarori, akwai Hausawa Kiristoci a Wusasa, akwai Sabon Gari da Samaru inda Yarbawa da Ibo da mutanen kudancin Kaduna da ɗalibai daga ko'ina suke da rajista.

Masarauta a hukumance uwar kowa ce. Kowane ɗan takara yana kai gaisuwa fada, kowa kuma addu'a yake samu. Tasirin da ake gani a aikace yana ƙasa da haka: mai unguwa, shugaban 'yan kasuwa, shugaban 'yan acaɓa, uwar adashi, malamar Islamiyyar matan aure. Ana yawan ɗauka cewa mace ra'ayin mai gidanta take bi, amma 'yan siyasa da kansu ba su yarda da haka ba, shi ya sa suke ware shugabar mata a kowace mazaɓa, suke bin gidajen biki da suna. Matasa kuwa, waƙar siyasa da sojojin baka na rediyo da gajerun bidiyon TikTok da WhatsApp sun fi isa gare su fiye da kowace takardar manufa.

Taliya, atamfa da kuɗi

Sayen ƙuri'a laifi ne ga mai bayarwa da mai karɓa. Abin da ya sa ya ƙara yawa kuwa, wani ɓangarensa gyaran zaɓen ne da kansa. Da aka kawo na'urar tantance kati a 2015, sannan BVAS mai duba yatsa da fuska, cusa ƙuri'u a akwati da rubuta sakamako a ɗaki sun yi wuya, sai kuɗin ya koma wajen mai zaɓen kai tsaye. INEC ta hana shiga wurin dangwalawa da waya saboda masu ɗaukar hoton takarda su nuna a biya su. A 2023, da takardun naira suka yi ƙaranci, sai taliya da sabulu da atamfa da turin kuɗi ta waya suka cike gurbin.

Amma karɓa daban, zaɓa daban. "Ku karɓi kuɗinsu, ku zaɓi ra'ayinku" magana ce da 'yan adawa suka daɗe suna yi, kuma 2015 ta nuna tana iya tabbata. Kuɗi ya fi tasiri inda mutum yake ganin duk kanwar ja ce, babu wanda zai canja masa komai, don haka gara ya tafi gida da abin miya. Ya fi tasiri kuma a zaɓen da tazararsa ƙarama ce, da zaɓen cike gurbi da wanda aka ce bai kammala ba, inda jam'iyyu suke tattara duk ƙarfinsu a kan rumfuna ƙalilan.

Zaɓen da ake yi kafin zaɓe

Babban abin da hirar majalisa take tsallakewa shi ne cewa kafin mai zaɓe ya ga takarda, an riga an tace masa. Dokar 2022 ta ba jam'iyyu hanya uku ta fidda gwani: ƙato bayan ƙato na dukkan 'yan jam'iyya, zaɓen daliget, ko maslaha. Manyan jam'iyyu sun fi bin daliget a 2022, wato mutane ƙalilan daga kowace mazaɓa. Zariya tana da mazaɓu 13, Sabon Gari 11. Ke nan a wancan tsari na 2022, waɗanda suke tsayar da ɗan majalisar da zai wakilci dubban ɗaruruwan mutane ba za su cika ɗakin taro ɗaya ba, kuma galibi wanda yake riƙe da shugabannin jam'iyya shi yake rubuta sunayensu. Fom ɗin APC na takarar majalisar wakilai naira miliyan 10 ne a shekarar, na sanata miliyan 20, na gwamna miliyan 50. Dokar rage shekarun takara ta 2018 ta sauko da shekarun ɗan majalisar wakilai daga 30 zuwa 25, amma ba ta sauko da kuɗin fom ba.

Wannan shi ne raunin da ke cikin kiran cancanta. Wanda yake son zaɓen mutumin kirki, a cikin waɗanda daliget da iyayen gida suka ɗauko suka ɗora zai zaɓa. Shi ne kuma tushen yawancin zagon ƙasa da sauya sheƙa: wanda aka murɗe wa fidda gwani ko dai ya fita da mutanensa, ko ya zauna ya yi ramuwa ranar zaɓe.

Masu sak suna da tasu hujjar da ba za a raina ba. Gwamna ko shugaban ƙasa ba ya aiki sai da majalisa, kuma idan jam'iyya ɗaya ce ta riƙe komai, an san wanda za a kama da laifi bayan shekara huɗu. Masu cancanta suna amsawa da cewa guguwar 2015 ta shigo da mutanen da ko unguwarsu ba za su iya ci da kansu ba, zaɓen tumun dare ke nan, kuma majalisar da ta shigo a rigar mutum ɗaya ba ta iya ce masa a'a. Bambancin jam'iyyun a aƙida ya yi ƙaranci ƙwarai idan aka kwatanta da zamanin NEPU ko PRP, wannan ne ma ya sa hujjar sak take raunana duk lokacin da babu wani mutum ɗaya da jama'a suka yi ittifaƙi a kansa. Rasuwar Buhari a watan Yuli na 2025 ta ƙara buɗe wannan fili.

Abin da wannan ke nufi ga talaka

Mutum sama da miliyan 4.3 ne suke da rajista a jihar Kaduna a 2023, amma ƙuri'un manyan 'yan takarar shugaban ƙasa huɗu a haɗe ba su kai miliyan 1.4 ba. Waɗanda suka zauna a gida sun ninka waɗanda suka fita. Wasu katinsu ne bai fito ba, wasu ɗalibai ne da suka yi rajista a Samaru ko Kongo zaɓe ya same su a garuruwansu, wasu kuma sun yanke ƙauna. Illar a bayyane take: duk lokacin da masu fita suka ragu, kuɗin sayen rinjaye yana raguwa, kuma wanda ya ci da ƙuri'un da ya saya ba ya jin akwai bashin kowa a kansa. A jihar da aka raba gardamar gwamna da ƙuri'a dubu goma da 'yan kai, mazaɓa ɗaya mai yawan jama'a irin Tudun Wada ko Kwarbai tana iya juya sakamako.

Game da masu sauya sheƙa kuwa, tarihin da aka bi a sama yana nuna cewa ɗan majalisar da ya gina alaƙa da mutanensa a ƙofar gida yakan tafi da kaso mai yawa na ƙuri'unsa duk inda ya koma, muddin ya iya koya wa magoya bayansa sabon tambari kafin ranar zaɓe. Wanda guguwa ta kawo, idan ya tashi shi kaɗai yake tashi. A kujerun sama kuwa, farashin buhun masara da kuɗin mota daga Kwangila zuwa Kaduna da halin da hanyar Giwa da Birnin Gwari take ciki za su fi sunan kowace haɗaka tasiri.

A doka, sashe na 68 na tsarin mulki ya ce ɗan majalisar tarayya da ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi zai rasa kujerarsa, sai idan jam'iyyar ta dare gida biyu ko ta narke cikin wata. Da wannan togaciyar kusan kowa yake fakewa, kuma shugaban majalisar ne ake jira ya ayyana kujerar a matsayin wadda babu kowa a kanta, abin da ba kasafai yake yi wa wanda ya shigo jam'iyyarsa ba. Gwamna da shugaban ƙasa kuwa babu irin wannan sharaɗi a kansu. Hanyar kiranye tana nan a sashe na 69, amma tana bukatar sa hannun fiye da rabin masu rajista a mazaɓar kafin INEC ta shirya ƙuri'ar raba gardama, kuma tun 1999 ba a taɓa dawo da ɗan majalisar tarayya gida ta wannan hanya ba.